Ciniki Da Gwanaye, Amma Ba Da Lokacin Aji Ba

A shekarar 2006 kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fito da akwatin wasa mai suna Wii, ya sauƙaƙa shi domin yara da iyayensu. Aka sayi fiye da miliyan 100, har ya wuce PlayStation 3 na kamfanin Sony, wanda aka yi domin gwanaye. Amma da wasanni suka cika wayoyin hannu, sai masu wasan jefi-jefi suka watse. Magajinsa, Wii U na 2012, bai kai miliyan 14 ba.

To, masu gidajen wasa na Kiyawa da Dutse ma sun san gwani shi ne mai dawowa kullum. Abin damuwa shi ne da yawa daga gwanayen nan 'yan makaranta ne, kuma ribar da aka ci da lokacin aji asarar gari ce. A ganina, ya kamata su rufe wa ɗalibai ƙofa sai an tashi, su jawo ma'aikata da 'yan kasuwa da maraice. Malamai da masu unguwa kuwa su sa ido, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.