Ku daina fasa jitar gwangwani

A Ƙonni da Malbaza da Illela, in aka kama yaro ya ɗaura wayar birkin keke a jikin gwangwani yana kaɗawa, hukuncin bai wuce biyu ba: ko a fasa gwangwanin, ko a zane mai shi. Wai jita hanyar iskanci ce. Iyaye da malaman da ke yanke wannan hukunci ba su yi wa yaron adalci ba.

Ba sai mun je nesa neman hujja ba. Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar, ɗan yankin Abalak ne, a nan jiharmu ta Tawa. Gidansu ba su so ya yi kiɗa ba, sai ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke. A Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a 2008, suka bazu daga salula zuwa salula. Da faifansa Afrique Victime ya fito a 2021, masu sharhin kiɗa a Turai da Amurka suka sa shi sahun gwanayen jita na wannan zamani. Kuma cikin harshen Abzinawa yake waƙa, kan zaluncin mulkin mallaka da halin da talaka ke ciki.

Gwanayen da yaranmu ke kallo a waya, kowanne da wuyar da ya sha. Jimi Hendrix na Amurka bahago ne, sai ya juya jitar masu hannun dama ya sake jera tsirkiyoyinta. Kukan da lasifika ke yi, wanda wasu ke gudu, shi ya mai da shi kiɗa. Tony Iommi na ƙungiyar Black Sabbath, a Ingila, inji ya datse masa kan yatsu biyu a masana'anta yana ɗan shekara 17. Ya narka roba ya yi wa yatsun hula, ya sa siraran tsirkiyoyi, daga baya ya sassauta su. Amon nan mai nauyi na kiɗan metal da shi aka san shi. Mdou, shi ma bahago, da yatsu zalla yake kaɗawa, da sauri kamar saukar ƙanƙara a kan kwano, yana ɗora amon rock kan kiɗan takamba. Duk cikinsu babu wanda ya kai nan da zaman banza.

Za a ce ai kiɗa na jawo shaye-shaye. Tsoron yana da tushe: Hendrix ya mutu a 1970 yana da shekara 27, kuma ƙwayoyi na cikin sanadin. Amma yaron da aka fasa wa gwangwani ba ya daina kiɗa, ɓuya yake yi, ya koma wurin da babu babba, inda mai tallan tiramol ke jiransa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ba a tanƙwara wanda aka kora.

Za a kuma ce kiɗa na maroƙa ne, ba ya haɗuwa da karatu. To, marigayi Malam Maman Barka malamin makaranta ne kafin gurminsa ya zagaya da shi duniya. Wanda kuma ya hana ɗansa saboda fahimtarsa ta addini, haƙƙinsa ne, sai dai ya yi da bayani, ba da bulala ba.

Iyaye, ku gindaya sharaɗi: salla a kan lokaci, aikin lakwal kafin kiɗa, kiɗan kuma a tsakar gida inda kunnenku ke ji. Malamai, ku kawo gwangwanin nan aji. Ku tambayi yara me ya sa tsirkiya ke canza murya in an ɗaure ta tamau ko an rage tsawonta. Darasin kimiyyar sauti ke nan, da kayan aikin da ɗalibi ya ƙera da hannunsa, ba a kashe ko dala ba.