Ina talaka ke cin abinci a birnin Paris?



Akwai wata cuta da ke kama mutumin ƙasarmu da zarar ya sauka a birnin Paris. Likita bai san ta ba, amma duk wanda ya taɓa zuwa ƙaro ilimi ko sarin kaya ya san ta, ita ce cutar lissafi. Mutum zai tsaya a ƙofar gidan abinci, ya ga an rubuta yuro 15 a jikin allo, nan take kansa ya shiga juya kuɗin zuwa sefa. Yuro ɗaya ya kusa sefa 656, ke nan kwano guda ya tasam ma jikka goma, jikka goma kuwa cefanen kwanaki ne a gidan ƙaramin ma'aikaci. Sai yunwar ta kwanta, bawan Allah ya koma ɗakin otel, ya rufe ƙofa, ya buɗe gwangwanin sardin da busasshen burodi.

Mu mutanen Arlit da Akokan mun daɗe da sanin masu wannan ciwo. Tun da aka kafa Somair a 1968, da Cominak a 1974, kamfanonin sun yi ta tura injiniyoyi da ƙananan ƙwararru Faransa don koyon aiki, kamar yadda gwamnati ke tura nata ma'aikata. Sukan dawo da rediyo da kwat da tsarabar iyali, su kuwa sun rame kamar sun yi jinya, domin kuɗin guzirin da aka ba su don ciki sun mai da shi jarin gina ɗaki. Da aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, faran ɗin Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100 cikin dare guda, sai ciwon ya ninka. Yau hanyar ta ƙuntata: an rufe Cominak a watan Maris na 2021, ofishin jakadancin Faransa a Yamai ya rufe a farkon 2024, gwamnati kuma ta mai da Somair mallakin ƙasa a 2025. Duk da haka ɗalibai da ƴan kasuwa da masu neman magani ba su daina zuwa ba, su ma kuwa da ciki suke tafiya.

Ba na ganin laifin mai tattali. Wanda ya bar mata da yara da tsofaffi a gida, dole ya ƙidaya kowace dala. Abin da nake ƙi shi ne mutum ya yi wata guda cikin hunturun Turai bai sa abu mai zafi a cikinsa ba, alhali kuwa abinci mai zafi da araha yana nan cikin birnin, sai dai ba a kan hanyar da baƙo ke bi yake ba.

Ya kamata ɗan Arlit ya riga kowa gane wannan. Garinmu ba ya noma abin da zai ci. Hatsi daga kudu yake zuwa bisa hanyar Tawa, tafiyar fiye da kilomita 600, taliya da madara da dabino kuma daga Aljeriya ta Asamaka, kowane buhu da kuɗin mota a kansa. Amma baƙon da aljihunsa ba nauyi, in ya sauka tasha, ba ya tambayar inda manyan kamfani ke cin abinci. Yakan jira rana ta take, ya bi sawun leburori da ƴan kamasho zuwa Bukoki, inda mai tuwo ta girka tukunyar mutum hamsin. Paris ma haka take. Tana da nata Bukoki, tana da nata masu tuwo.

Mafi girmansu su ne gidajen kwanan ma'aikata baƙi, waɗanda Faransawa ke kira foyer. An tanade su ne tun shekarun 1950 da 1960 don mazan da aka kwaso daga Aljeriya, daga baya kuma daga Mali da Senegal da Muritaniya, masu aikin gini da shara da masana'antar motoci. Mutanen da suka saba cin abinci a kwano ɗaya ba za su iya girkin gwauro ba, sai suka haɗa kai suka kafa manyan madafai a ƙasan benayen, mata suna girki tun safe. A can za ka tarar da shinkafa da miyar gyaɗa, da dafa-duka da kifi irin ta Senegal, da kaza da albasa, naman yankan Musulmi, kwanon kuwa a cike har ya yi tozo. A shekarun 2010 kuɗinsa bai wuce wajen yuro 2 ba, wato abin da bai kai jikka ɗaya da rabi ba. Ba a tambayar takardar kowa, har ɗaliban Turawa da direbobin tasi sukan shigo su ci.

Sai dai wannan ni'ima tana ja da baya. Tun 1997 hukumomin Faransa suka shiga sauya waɗannan gidaje zuwa ƙananan ɗakuna, kowane mutum da murhunsa, ana rufe manyan madafan bisa dalilin tsabta da rashin rajista. Gidan Bara na garin Montreuil, wanda aka buɗe a 1968 cikin tsohuwar masana'anta, ya shahara har a ƙauyukan yankin Kayes na Mali, an kwashe mutanensa a 2018 saboda ginin ya lalace. Gaskiya ne, wasu gine-ginen ba su dace da ɗan Adam ba. Amma wanda ya zana sababbin ɗakunan bai taɓa tambaya ba ko me ya sa mutum arba'in ke zuba kuɗi a tukunya ɗaya. Waɗansu madafan sun tsira ta hanyar zama ƙungiyoyi masu rajista, kuɗin kwano ya ɗan hau, amma har yanzu bai kama ƙafar na gidajen abincin bakin titi ba.

In ba ka sami wannan ba, ka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba 4 ka sauka a Château-Rouge, cikin gunduma ta 18. Kasuwar titin Dejean tana nan da kuɓewa da doya da busasshen kifi da manja, ga mahauta Musulmi a jere. Kasuwar Barbès kuma tana ci ranakun Laraba da Asabar a ƙarƙashin gadar jirgi, kuma kamar kowace kasuwa, in ta doshi tashi mai tumatir yakan sauko da farashi. Wajen La Chapelle da titin Faubourg-Saint-Denis akwai gidajen Indiyawa da Pakistanawa da Turkawa, shinkafarsu da yaji ba baƙuwa ba ce ga harshenmu. Ɗalibi mai kati yana da gidan abincin jami'a, inda cikakken abinci ya kasance yuro 3 da santim 30, aka kuma mai da shi yuro 1 ga masu tallafin karatu a 2020.

Su kansu Faransawa suna da gidajen talakawansu na asali. A 1855 wani mahauci mai suna Duval ya fara sayar wa leburorin babbar kasuwar Halles romo da tsokar nama da araha, daga nan aka sami gidajen da ake kira bouillon, wato romo. Wanda ya fi suna shi ne Chartier, a titin Faubourg-Montmartre, tun 1896. Za ka yi layi, a zaunar da kai tebur ɗaya da wanda ba ka sani ba, mai hidima ya rubuta lissafinka a jikin takardar da aka shimfiɗa a tebur. Ya cancanci a je ko sau ɗaya. Amma Musulmi ya buɗe ido: kalmomin jambon da lardons naman alade ne, miya mai yawa kuma da giya ake dafa ta. Ƙwai da kifi da dankali sun fi kwanciyar hankali.

Ga wasu ƙananan dabaru da ke tsare aljihu. Abincin rana ya fi na dare araha, musamman wanda aka rubuta a allo da sunan abincin yau. Bayan ƙarfe 2 da rabi kuma yawancin madafai sukan rufe sai wajen ƙarfe 7. Gahawa a tsaye bakin kanta ta fi ta zaune sauƙi. Kuɗin mai hidima yana cikin lissafi, ba dole ba ne ka ƙara. Burodi kyauta yake zuwa tare da abinci, ruwan famfo ma haka, muddin ka ce carafe d'eau. In ka ce ruwa kawai, za a iya kawo maka na kwalba a rubuta maka kuɗi. Mutumin da ya tashi a garin da ake sayen ruwa a garwa, abin kunya ne a sayar masa da shi a bakin kogin Seine.

Game da guzirin gida, a yi hattara. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama da abin da aka yi da madara, saboda haka kilishi da cuku suna iya ƙarewa a hannun ƴan duwan na filin jirgi, wani lokaci har da tara. Dabino da garin rogo da ƙuli-ƙuli da yaji sun fi saukin wucewa, kuma su ne za su riƙe ka da dare.

Tunda madafan foyer suna rufewa suna buɗewa, kada ka dogara da adireshin da wani ya ba ka shekara goma da suka wuce. Da safe ka dubi masu sharar titi, masu koren kaya, da yawansu mutanen yammacin Afirka ne. Ka yi wa dattijo daga cikinsu sallama, ka tambaye shi inda yake cin abincin rana. In ya kai ka, ka tuna gidan mutane ka shiga: ka gai da na bakin ƙofa, ka bi layi, ka riƙe ƴan canji a hannu, kada kuma ka ɗauki hoton kowa.