Abin da Mai Sayen Lu'ulu'u Ya Kamata Ya Fara Tambaya

Zancena na wannan mako a kan dutsen nan ne mai tsada wanda Turawa ke kira daimon, mu kuwa mu ce lu'ulu'u. Mutanenmu masu zuwa Dubai da Jidda sayen zinariya su kan haɗo da zobe mai wannan dutse, kuma na lura tambayarsu guda ce: karat nawa ne? Ni a ganina wannan tambaya daga baya ya kamata ta zo.

Masu wannan sana'a abu huɗu su ke dubawa, watau nauyi, da launi, da tsabtar cikin dutsen, da yanka. Launi da tsabta halitta ce, yadda Allah Ya yi dutsen haka za a same shi. Nauyi kuwa da karat a ke aunawa, karat biyar su ne giram ɗaya. Kada a rikita shi da karat na zinariya, shi wancan gwajin kyaun zinariya ne, ba nauyinta ba. Saura yanka, shi ne aikin hannun mutum, kuma a nan ƙyallin ya ke.

Lu'ulu'u ba shi da hasken kansa. In ka ga ɗanyensa yadda a ka haƙo shi, sai ka ce tsakuwa ce ko fasasshiyar kwalba. Gwani ne ke yi masa fuskoki ƙanana, ya goge su. Haske ya shiga ta sama, ya bugi fuskar ƙasa ta wannan gefe, ta tura shi wancan gefe kamar madubi, sa'an nan ya komo sama ya faɗa idon mai kallo. To, in an yi gindin dutsen da zurfi ainun, ko kuwa an yi shi faifai, hasken sai ya zurare ta ƙasa kamar ruwa a ƙwarya mai huji. Dutse ya zama dishi-dishi, alhali nauyinsa na nan cif.

Ga misali wanda tarihi ya ajiye. Akwai wani shahararren lu'ulu'u na ƙasar Indiya, sunansa Kohinur, wanda ya faɗa hannun Ingilishi a 1849. Da a ka nuna shi a babban baje kolin Landan a 1851, mutane su ka yi ta tururuwa, su ka koma gida suna cewa abin bai kai labarinsa ba. A 1852 a ka kirawo gwanaye daga Amsadam su ka sake yanka shi. Da ma karat 186 ne, ya koma karat 105 da 'yan kai. Kun ji, an zubar da wajen karat 80 don a sayi haske! Indiyawa na neman a mayar musu da kayansu, amma wannan wata shari'a ce dabam.

A 1919 wani saurayi ɗan gidan masu yankan lu'ulu'u na birnin Antwaf, sunansa Marcel Tolkowsky, ya zauna ya yi lissafin abin. Ya ce a dutse mai da'ira, gangaren gindi ya zama wajen digiri 41, na kafaɗa 34 da rabi, shimfiɗar sama kuwa kashi 53 cikin ɗari na faɗin dutsen. Irin wannan yanka fuska 57 ko 58 gare shi, kuma har yau gwanaye ba su yi nisa da lissafinsa ba.

To, me ya sa ba kowa ke bin wannan ma'auni ba? Kuɗi ne. Mai yanka ya kan yi hasarar rabin ɗanyen dutse ko fiye kafin ya gama, kuma farashi na tsalle da zarar dutse ya cika karat ɗaya. Saboda haka wani ya kan bar wa dutsen ƙaton ciki da kauri a ƙugu don ma'auni ya nuna karat ɗaya cikakke. Wannan nauyi cikin zobe ya ke ɓuya: ka biya kuɗinsa, ba ka ganinsa. Dutse mai karat ɗaya wanda a ka yanka daidai, faɗinsa wajen milimita 6 da rabi ne. In ka ga ya gaza haka ƙwarai, nauyin ya tafi gindi.

Wanda zai saya ya nemi takardar shaida. Cibiyar GIA ta Amurka, tun 2006, tana rubuta darajar yankan dutse mai da'ira hawa biyar, na ƙoli shi ne wanda a ka rubuta Excellent. A duba lambar takarda ta yi daidai da wadda a kan zana a ƙugun dutsen, mai kanti na da madubin dubawa.

Duk da haka gani ya kori ji. Fitilun kantin kayan ado an shirya su ne don kowane dutse ya yi walƙiya, har da maras kyau. Ka roƙi mai kanti ya fito da biyu masu nauyi ɗaya, ku matsa bakin ƙofa inda hasken rana ya ke, cikin inuwa. Ka dube su ta sama, ka ɗan karkata su. Wanda tsakiyarsa ta yi duhu, ko ka ga wani farin zobe a ciki kamar idon kifi, mayar masa da abinsa, ko da ya rage maka kuɗi.