A Shigar da Adabinmu Kwamfuta da Harshensa na Asali

Tun shekarar 1997 babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa ya buɗe rumbun Gallica, inda ake karanta tsofaffin littattafai ta intanet. A 1999 Jami'ar Alikante ta Sifen ta buɗe irinsa da sunan marubuci Cervantes. Daga baya masanan Turai suka shirya tara ƙagaggun labarai ɗari-ɗari na Faransanci, Fotugisanci, Romaniyanci da sauran harsunansu, waɗanda aka wallafa daga 1840 zuwa 1920, kowanne da sunan marubucinsa da shekararsa.

Mene ne amfanin wannan wahala? Kwamfuta tana iya ƙirga kalmomin littafi dubu a lokacin da malami bai gama shafi goma ba. Kowane marubuci yana da ƙananan kalmomin da yake yawan maimaitawa ba tare da ya sani ba, kamar yadda ake gane mutum da tafiyarsa. Ta wannan hanya aka sanar a 2023 cewa wani wasan kwaikwayo da ya daɗe a ɗakin karatu na Madrid babu sunan mai shi, na Lope de Vega ne.

To, mu fa? Muna da littattafan gasar 1933 irin su Ruwan Bagaja da Shaihu Umar, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939, da littattafan soyayya da suka cika kasuwannin Kano tun shekarun 1980. A nan yankinmu kuma akwai waƙoƙin Narambaɗa na Tubali da na Kassu Zurmi, yawancinsu a kaset, ga takardun ajami a cikin gafakar malamai. Jami'ar Boston ta Amurka ta ɗauki hotunan wasu takardun ajami na Hausa, kuma ta kyauta. Amma hoto kaɗai ba ya ƙirguwa. Sai an zauna an buga rubutun harafi bayan harafi.

A nan ne muke jin tsoro. Idan muka bar wa na nesa wannan aiki, za su “gyara” mana magana ta koma Hausar littafin makaranta. Inda mawaƙi ya ce “na” ko “ta” za a mayar “ne” ko “ce”, “hwara” ta koma “fara”, “ɗiya” su koma “'ya'ya”. Daga nan mai bincike zai tambayi kwamfuta, ta amsa masa cewa babu Zamfarci a adabin Hausa. Haka kuma idan aka yar da lanƙwasar haruffa, “ƙasa” da “kasa” sun zama abu ɗaya ke nan. Abin da aka shuka shi ke tsirowa.

Wani zai ce mutanen Zurmi da Shinkafi da rashin tsaro ya raba da gonakinsu ba ta littafi suke yi ba. Gaskiya ne, rai ne a gaba. Sai dai wanda ya gudo da dare ba ya ɗaukar gafaka ko kwalin kaset, abin da ya bari kuwa na gara ne da wuta. Wannan shi ya sa aikin ba zai jira ba.

Shawararmu ita ce kowane ɗalibin babban aji ya rubuta waƙa ko tatsuniya ɗaya kafin ya gama makaranta, yadda aka faɗe ta, tare da sunan mai ita, garinsa da shekara, bayan an nemi izininsa ko na magadansa. Malaman Hausa su duba, sannan a nemi haɗin kan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a 1983, don ajiya. Iyaye, ku ba mu aron abin da ke cikin adaka, za mu mayar muku. Ɗalibai, ku fara da kakanninku a wannan hutu, domin da sanyin safiya ake kama fara.