SHARHI: Wa ya ƙirga dukiyar gwamna? Yadda alƙaluman intanet ke cike giɓin da hukuma ta bari

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, jerin sunayen "'yan siyasa goma da suka fi kowa kuɗi" kan mamaye Facebook da TikTok, kowane suna da adadin dalolinsa a gefe. Magoya baya na tutiya da su, 'yan adawa kuma na kafa hujja da su cewa an wawure baitulmali. Ba kasafai ake tambayar wanda ya yi ƙirgen ba.

Ko manyan kafafen da suka ƙware a wannan aiki ba su cika yin ittifaƙi ba. A Oktoban 2024, Bloomberg ta ninka ƙiyasin dukiyar Aliko Dangote zuwa kusan dala biliyan 28, bayan ta saka matatar mansa ta Lekki cikin lissafi. A farkon 2025 kuwa, Forbes ta ce dala biliyan 23.9 ce. Mutum ɗaya, amma ratar ta kai kusan dala biliyan 4.

Dalili a bayyane yake. Hannun jarin Dangote Cement yana da farashi a kasuwar hannun jari ta Najeriya, kowa na iya dubawa. Kadarar da ba ta kasuwa kuwa sai dai a kwatanta ta da makamantanta, a cire bashin da aka sani. Canjin kuɗi ma na taka rawa: faɗuwar darajar naira a Yunin 2023 ta zabtare biliyoyin daloli daga ƙiyasin attajiran Najeriya, alhali ko buhun siminti ɗaya bai ɓace ba.

Idan haka lamarin yake ga ɗan kasuwar da kamfanoninsa ke wallafa rahoton kuɗi duk shekara, ina ga gwamna ko sanatan da filayensa ke ɗauke da sunan ƙani ko amini? Yawancin shafukan da ke yaɗa irin waɗannan alƙaluma ba sa faɗin inda suka samo su. Wani ya kwafa daga wani, har maimaici ya mayar da hasashe tamkar gaskiya.

Sahihin bayanin yana nan, sai dai a kulle yake. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya wajabta wa mai riƙe da muƙamin gwamnati bayyana kadarorinsa ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, CCB, a farkon aiki, da duk bayan shekara huɗu, da ƙarshen wa'adi. Amma hukumar ta sha ƙin sakin takardun, tana cewa Majalisar Tarayya ba ta shimfiɗa sharuɗɗan dubawa ba.

Saboda haka sai wanda ya ga dama. Marigayi Umaru Musa 'Yar'adua ya bayyana wa jama'a kadarorin naira miliyan 856 a 2007. A 2015 fadar Muhammadu Buhari ta fitar da taƙaitaccen bayani da ya haɗa da shanu 270. Goodluck Jonathan kuwa ya fito fili a 2012 ya ce ba zai yi ba.

Illar wannan rufa-rufa biyu ce. Adadin bogi na iya shafa wa mai gaskiya kashin kaji, yana kuma bai wa ɓarawo mafaka, domin da zarar ya ƙaryata lamba ɗaya, sai ya yi watsi da duk sauran zarge-zarge a matsayin sharrin maƙiya.

Muddin majalisa ba ta buɗe wa 'yan ƙasa takardun CCB ba, muhawara kan dukiyar shugabanni za ta ci gaba da dogara kan lambobin da babu wanda ya sa musu hannu.