Wasiƙa Zuwa ga Masu Horar da Iyo a Ruwan Ƙanƙara

'Yan'uwa masu horarwa,

Tafkunan Finland sun fara sanyi, na kuma san kowannenku yana da magidanta 'yan shekara 45 zuwa 60 da ke ɗokin shiga avanto, ramin nan da ake fasawa a ƙanƙara. A kansu nake rubuto muku, don raina bai kwanta ba.

Hatsarin yana cikin mintin farko. Ruwa mai digiri 10 zuwa 15 ma ya isa: yana taɓa fata sai numfashi ya fizge, mutum ya dinga haki ba da sonsa ba, jijiyoyin jini su tsuke, zuciya ta kama gudu. In fuska ta nutse a daidai lokacin, sai jiki ya umarci zuciyar ta sassauta. Umarni biyu masu karo da juna ke nan, kuma Farfesa Mike Tipton na Jami'ar Portsmouth ya nuna yadda suke birkita bugun zuciya. Saurayi kan jure. Magidancin da hawan jini ya ci shekaru yana ɓoye a jikinsa fa? Kada ku karɓi kowa sai likita ya auna zuciyarsa, ko da kuwa zai ji haushi.

Bara na ga wani mai furfura a kan tsani, ruwa iya ƙirji, leɓɓansa sun yi shuɗi, yatsunsa sun kasa sakin ƙarfe, yana cewa lafiya lau don abokansa na kallo. Girman kai ne ya hana shi fitowa, mai horarwarsa kuwa agogo yake duba. Fuskar mutum za ku riƙa dubawa.

Ku fara tun kaka, ruwa na yin sanyi jiki na bin sa. Shiga 5 ko 6 na minti 3 kowace kan rage firgitar nan da kusan rabi, sabon kuma yakan daɗe watanni. A shiga a hankali, kai a sama, ba a fara iyo sai numfashi ya daidaita.

Bayan fitowa ma da saura. Zafin cikin jiki yakan ci gaba da sauka, makyarkyata ta taso bayan kamar minti 10. A cire jiƙaƙƙun kaya nan take, a sa hula da riguna masu kauri, a ba mutum abin sha mai ɗumi, kada kuma ya taɓa sitiyari sai hannunsa ya daina rawa.

Naku,
Abokin aikinku