"Wanga Kuma Ɗan Wa Ne?"

 Wannan makon siyasa za mu taɓa. Kada wanda ya ture shafin da cewa bai kai shekarar zaɓe ba, domin maganar ta shafi rufin ajinku da hanyar da kuke bi zuwa makaranta.

Kafin zaɓen 2023 muna zaune da wani kawunmu a rumfar mai shayi kusa da tasha, sai ga samari da bokitin koko suna manna fasta a bango. Kawu ya gyara tabarau, ya daɗe yana duban hoton, sannan ya waiwayo ya ce, "Ku 'yan boko, wanga kuma ɗan wa ne?" Babu wanda ya iya ba shi amsa. Mutum ne da ya haura shekara sittin a garin, ya san kowa har kakanninsa, amma bai san wanda jam'iyyarsa ta tsayar ya wakilce shi ba. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne ƙarshen zancensa: "To, tunda jam'iyya ta kawo shi, shi za mu yi."

Tambayar Kawu ce muke son mu bi sawunta. Ta yaya mutumin da ba a san shi ba, wani lokaci ma bai taɓa riƙe ko ma'ajin ƙungiyar unguwa ba, yake wayar gari da tikitin babbar jam'iyya a hannu?

A darasin gwamnati an koya mana cewa jama'a ke zaɓen shugabanninsu. Haka ne, amma rabin labarin ke nan. Ranar babban zaɓe, takardar da ake miƙa wa iyayenmu tambarin jam'iyyu ne a jikinta, kuma kowace jam'iyya ta riga ta gama tace mutum ɗaya watanni da suka wuce. Wannan tacewar ita ce zaɓen fidda gwani. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ba jam'iyyu hanya uku: 'yar tinƙe, inda duk mai katin jam'iyya zai fito ya zaɓa, zaɓen wakilai, wato daliget, da kuma maslaha, inda masu neman kujera za su janye wa mutum ɗaya, kowa ya sa hannu a takarda.

Ku ɗauko biro mu yi lissafi. Gummi na da mazaɓu 11, Bukkuyum na da 10, kuma su biyun kujera ɗaya suke rabawa a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Jimla 21 ke nan. A tsarin da manyan jam'iyyu suka bi a 2022, APC daliget biyar take fitarwa daga kowace mazaɓa, PDP kuma uku. Biyar sau 21 ya ba mu 105. Uku sau 21 ya ba mu 63. Wato idan mutum biyu ke neman tikitin, wanda ya shawo kan mutum 53 a wancan ɓangaren, ko mutum 32 a wannan, ya gama. Mutum 32 ba su cika aji ɗaya na makarantar gwamnati ba. Daga Gayari har Adabka, daga Gyalange har Gwashi, dubban jama'a ne, amma makomar kujerar tana iya ƙarewa a ɗaki ɗaya.

Wanda ke son ya burge dubban mutane dole a san shi, a san aikinsa. Wanda ke neman mutum 32 kuwa, lambar wayarsu kawai yake buƙata, da abin da zai sa musu a aljihu. Shi ya sa za ku ji ana cewa an kwashe daliget an kai su masauki a Gusau ko Sakkwato, an karɓe wayoyinsu, ba a sake su ba sai ranar jefa ƙuri'a. Su kansu daliget ɗin, a ƙa'ida 'yan jam'iyya ne ke zaɓensu a mazaɓa. A aikace, sau da yawa wani babba ne ke rubuta sunayen a falonsa: direbansa, ƙanen matarsa, mai gadinsa. Wanda ya rubuta sunayen daliget ya riga ya rubuta sakamakon.

Sai maganar kuɗin fom. A 2022 APC ta sayar da fom ɗin ɗan majalisar jiha naira miliyan 2, na majalisar wakilai miliyan 10, na sanata miliyan 20, na gwamna miliyan 50. PDP ta fi sauƙi, amma ita ma fom ɗin majalisar wakilai miliyan biyu da rabi ne. Yanzu ku tuno malaminku na lissafi, wanda kowa ya yarda da gaskiyarsa, ku tambayi kanku shekara nawa zai yi yana tara albashi kafin ya sayi takardar kawai, ba a zo maganar mota da fasta da sallamar jama'a ba. Mutanen kirki da yawa a nan suke tsayawa. Wanda ya wuce, ko dai yana da nasa, ko wani ya biya masa.

Shi kuma mai biyan, ubangida, ba sadaka yake yi ba. Mun daɗe muna tunanin cewa ubangida zai nemi wanda ya fi ƙwarewa don a yi nasara. Daga baya muka gane akasin haka ne. Mai ilimi, mai jama'a, yana iya tsayawa da ƙafarsa gobe ya ce a'a. Wanda ba kowa ba ne sai da ubangida, shi ne ba zai taɓa ɗaga kai ba. Rashin sanin da aka yi masa shi ne cancantarsa a wurin mai ɗauko shi. Wannan ne mutane ke kira ɗauki-ɗora, kuma sau da yawa rigar maslaha ake sa masa: a tara masu nema a ce su janye, wanda ya ƙi a nuna masa ƙofa.

Akwai kuma wanda sa'a ce kawai. Mu koma kan daliget 105. A ce manya biyu sun ja daga, kowa ya ce in ba shi ba sai rijiya. Ɗaya ya sami 34, ɗaya 33. Wani na uku da ba wanda ya damu da shi ya lallaɓa ya tara 38. Shi ya ci, alhali mutum 67 ba shi suke so ba. Mu kanmu mun ga haka a zaɓen ƙungiyar ɗaliban ƙaramar hukumarmu a jami'a. Muna da mutum biyu da suka dace, muka rabu gida biyu muna gardama a WhatsApp har tsakar dare. Ranar zaɓe yawancinmu ba mu je ba, wasu na lacca, wasu na barci. Wani ɗalibi da ko taro ɗaya bai taɓa zuwa ba ya kwaso 'yan ɗakinsu da maƙwabtansu, ya yi musu shayi da burodi, ya zama shugaba. Shekara guda ba a yi komai ba. Mun yi ta zaginsa, amma a gaskiya ba ƙuri'ar kowa ya sata ba.

Duk wannan ƙaramin abu ne idan aka kwatanta da abin da ya faru a jiharmu a 2019, lokacin da wasunku ke firamare. Labarin ya cancanci ku san shi dalla-dalla, domin har yau ɗaliban lauya na karanta shi.

A 2018 APC ce ke mulkin Zamfara, Abdul'aziz Yari na ƙare wa'adinsa na biyu. Ya so kwamishinansa na kuɗi, Mukhtar Shehu Idris, ya gaje shi. Wasu mutum takwas masu neman kujerar, ciki har da Sanata Kabiru Marafa da mataimakin gwamna Ibrahim Wakkala, suka ce ba su yarda ba. Rikici ya yi tsanani har wa'adin da hukumar zaɓe ta INEC ta sa, 7 ga Oktoba 2018, ya cika. INEC ta ce APC ba ta yi zaɓen fidda gwani a Zamfara ba, don haka ba ta da 'yan takara. Aka tafi kotu. A Janairu 2019 wata babbar kotu a Gusau ta ce an yi zaɓen, aka sa sunayensu. Aka yi babban zaɓe, APC ta lashe komai. A na gwamna, Mukhtar Idris ya sami ƙuri'a 534,541, Bello Matawalle na PDP ya sami 189,452.

Sai kotun ɗaukaka ƙara da ke Sakkwato ta rushe hukuncin Gusau a watan Maris. Ranar 24 ga Mayu 2019, saura kwana biyar a rantsar da sabon gwamna, Kotun Ƙoli ta yanke cewa APC ba ta yi sahihin zaɓen fidda gwani ba, saboda haka duk ƙuri'un da aka jefa mata sun tafi a banza. Kujera 36 suka suɓuce a rana ɗaya: gwamna da mataimakinsa, sanatoci uku, 'yan majalisar wakilai bakwai, 'yan majalisar jiha 24. Waɗanda suka zo na biyu aka ba. A nan Zamfara ta Yamma, kujerar sanatan da Yari ya ci ta koma hannun Lawali Hassan Anka, ta Gummi da Bukkuyum kuma ta koma ga Sulaiman Abubakar Gumi.

Mu yi adalci: ba muna cewa waɗanda suka amfana ba su cancanta ba ne. Matawalle da Lawali Hassan duk sun taɓa zama a Majalisar Wakilai, ba baƙi ba ne. Abin lura yana wani wurin. A 2018 mutane ƙalilan ne suka ɗauka jam'iyyar adawa za ta kai labari a Zamfara, don haka tikitinta, musamman na majalisar jiha, ba a yi masa rububi kamar na jam'iyya mai mulki ba. Wanda ya karɓi irin wannan tikitin, ko da don a san da shi ne kawai, sai ga tsuntsu daga sama gasasshe. Iyayenmu sama da rabin miliyan sun sha rana a layi, amma abin da ya yanke hukunci shi ne zaɓen cikin gida da aka kasa yi wata biyar kafin nan.

Mutanen Yobe ma sun ga nasu. A 2022 Bashir Machina ya ci tikitin sanatan Yobe ta Arewa na APC lokacin da Ahmad Lawan, shugaban Majalisar Dattawa, ya tafi neman na shugaban ƙasa. Da Lawan ya rasa can ya dawo, Machina ya ce ba zai sauka ba. Sai a Fabrairu 2023 Kotun Ƙoli ta ba Lawan, alƙalai uku suka rinjayi biyu.

Wani zai ce, ai doka za ta tace wanda bai cancanta ba. Tsarin mulkin 1999 abin da ya nema kaɗan ne: ka zama ɗan ƙasa, jam'iyya ta tsayar da kai, ka yi karatu zuwa matakin sakandare ko makamancinsa, ka kai shekaru. Tun gyaran da aka sa wa hannu a 2018, shekara 25 ta isa a nemi majalisar jiha ko ta wakilai. Wato ɗan aji shida da ke karanta wannan shafin, nan da shekara bakwai ko takwas doka ta ba shi dama. Mu a ganinmu wannan sauƙin ba laifi ba ne. Mun san masu digiri biyu da ba za mu ba su ajiyar akuya ba, mun kuma san dattawan da ba su wuce allo ba amma sun fi kowa sanin ciwon gari. Takarda ba ta auna riƙon amana ko iya tsayawa a yi magana. Wannan awon aikin 'yan jam'iyya ne a zaɓen fidda gwani, kuma shi ne ake sayarwa.

Ga dalilin da ya sa abin ke ci mana rai. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Likitocin ƙungiyar MSF ne suka fara gano ta. Bagega ta jira har 2013 kafin kuɗin share gurɓatacciyar ƙasarta ya fito daga gwamnatin tarayya. Yau kuma ga 'yan bindiga da suka hana noma, ga garin Anka cike da 'yan gudun hijira, ga ambaliyar da ta ci gidaje a Gummi a 2024. Irin waɗannan matsalolin suna son wakilin da zai iya karanta kasafin kuɗi, ya miƙe a zauren majalisa, ya bi minista ofis har ya gaji da ganinsa. Wanda aka ɗauko don ya yi shiru, shirun zai yi shekara huɗu, a dawo da buhun shinkafa da atamfa.

Ba za mu ce 'yar tinƙe ce maganin komai ba. Ita ma in babu sahihiyar rajistar 'yan jam'iyya, ana iya rubuta alƙaluma a mota a zo a karanta. Sai dai sayen mutum dubu goma ya fi sayen mutum 32 wuya, kuma wannan kaɗai ya isa mu fi karkata gare ta.

Ga aikin gida, tunda kun saba. Kowa ya tambayi babansa ko yayansa sunan mazaɓarsu, sunan shugaban jam'iyyar da suke goyon baya a mazaɓar, da sunan ko mutum ɗaya cikin daliget ɗin da suka wakilce su a zaɓen fidda gwanin da ya wuce. In sun sani, ku tambaye su wa ya zaɓi daliget ɗin, kuma a ina aka yi. Mun gwada da Kawu. Ya san shugaban jam'iyya, har bashin taki yake binsa. Daliget kuwa ya yi shiru, ya kurɓi shayi, ya ce zai tambaya a masallaci. Ku aiko mana da amsoshin da kuka samu ta hannun edita, tare da sunan makarantarku da ajinku, za mu buga wasu a mako mai zuwa.